Gorar Ruwan Yanbu

"Khalilu, tsaya! Juya da ni gida."

Ko iyakar Haramin Madina ba mu wuce ba. Na taka birki na waiwaya. Baba Sabiru, maƙwabcinmu a unguwar Harra ta Yamma, yana kan kekensa na guragu a bayan mota, ya damƙe ƙarfe da hannunsa mai lafiya kamar za a sace shi.

"Haba Baba! Ana jiranmu a Yanbu, bakin teku. Da kyar fa na samo maka wurin nan."

"Khalas, ya waladi, na fasa, ɗana. In ajali ya riske ni a can fa, ga maƙabartar Baƙi'a a nan?"

"Ai ana dawo da mutum a mota."

"A cikin Madina ake so rai ya fita, ba a kawo ka kamar kaya ba."

Wallahi raina ya ɓaci. Ni ɗan sa-kai ne a wata ƙungiya da ke fita da naƙasassu yawo a jirgin ruwa, irin wanda ake tura keke har ciki a ɗaure shi. Gadar ƙarfen da ake hawa jirgin ma Baba Sabiru ne ya haɗa mana ita kyauta a shagonsa na walda a unguwar Sultana, kafin shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi. Shi kuwa bai taɓa ganin teku ba. Kullum sai ya tare ni a ƙofa: "Wai da gaske ba a hango ƙarshensa? Ta kansa kakana ya zo daga Sawakin, can ƙetaren ruwa." Yana so, amma tsoron mutuwa a wajen Madina ya ɗaure shi, kamar tsofaffin unguwarmu da dama. Ba yau ya fara juyar da ni ba, kuma duk ranar da ya fasa, wani ne aka hana wurin saboda shi.

Na mayar da shi gida ina cika ina batsewa. 'Yarsa Wafa ta karɓi keken, ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ka san halinsa."

Shi kuma ko a jikinsa. Ya miƙo mini wata gorar ruwa da babu komai a ciki.

"To ɗebo mini. In ɗanɗana in ji."

Na fizge ta, ko "sai na dawo" ban ce masa ba.

A jirgi muka ɗaure kekuna, wurinsa ya zauna fayau, igiyoyin na kwance a ƙasa. Duk wanda ya hau gadar sai in ji haushin tsohon ya dawo mini sabo. Wayata na cikin jaka a mota. Har mun sauka na tuna da gorar, na koma bakin ruwa na cika ta ina mita.

Sai a lokacin na ga kiran Wafa jere a waya. Ya rasu kafin azahar, a ɗakinsa. A Madina ba a jira. Ina kan hanya aka yi masa salla a masallacin Harami bayan la'asar, aka kai shi Baƙi'a. Ya samu abin da yake so. Ni ko kafaɗa ban sa a makararsa ba.

Da na iso, takalma sun cika ƙofar gidan. An fito da kekensa an jingine shi a jikin bango. Na ɗora gorar a kan kujerar keken, na tsaya ina kallo, yashi yana kwanciya a gindinta a hankali.