Zaren da Yaya Kubura Ta Share

Ni dai har yau ban gane karatun Ruwaida ba. 'Yar yayata Kubura ce, tana shekarar ƙarshe a jami'a, wai a ɗakin gwaji suke haɗa sinadarai su ja zare irin na gizo-gizo, don likitoci su riƙa ɗinke ciwo da shi. Na ce, abin da Allah ya ba ƙwaro kyauta shi za ki ƙare ƙuruciyarki a kai? Dariya kawai ta yi.

Da ta zo hutu gida, unguwar Limawa a garin Dutse, sai ta ɗaura ɗan zaren da ta samu a tagar ɗakinta, gefen yanar wani ƙaton gizo-gizo, don ta ga wanne zai fi jure zafin Dutse. Shi kaɗai gare ta, kuma shi za ta kai wa malamanta a ba ta sakamako. Ni ta gaya wa. Uwarta kuwa ba ta gaya mata ba, wai gudun surutu.

Ana gobe sunan jaririn Uwaisu, yayan Ruwaida, Yaya Kubura ta shiga ɗakin da doguwar tsintsiya. Mata za su cika gida, su ga yana a taga? Tab! Ta share tas, ta kai bola.

Ruwaida ta dawo daga kasuwa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Umma, ina zarena?"

"Wane zare? Yana ce na cire."

"Ɗaya nawa ne, Umma. Ni na yi shi."

"Ke Ruwaida, ki ji tsoron Allah. Na duba da idona, duk gizo-gizo ne ya saƙa."

Yarinyar nan sai ta fashe da dariya, ta rungume uwarta tana cewa, "Ba ki bambance ba? Wallahi ba ki bambance ba?" Kafin mu ankara dariyar ta koma kuka, ta zube a ƙasa. Tausayinta ya kama ni, amma na rasa barka zan yi mata ko jaje.

Yaya Kubura ta yafa mayafi ta fita. Na bi ta na same ta durƙushe a bola, tana tsince yana daga cikin ɓawon gyaɗa da toka. Ta miƙo min tafin hannunta, duk yana ta manne.

"Ikilima, ke da ta gaya wa, don Allah wanne ne nata?"

Na duba, na sake dubawa. Ban sani ba.