Na Dariya Ko Ɗayan?

Gilashin tagar tikiti yana da rami ɗaya a ƙasa, kuma ta nan Auta ta san jama'a: hannuwa ne ke shigowa, murya ta biyo baya. Shekara shida tana zaune a wurin, da wuya ta ji wani ya kira fim da sunansa. Sai dai "na 'yan fashi", "na aljanin nan", "na matar da ke kuka a fosta". Masu shirya fim su yi wata guda suna gardama a kan suna, 'yan kallo su raɗa masa nasu kafin su kai gaban layi.

A wannan makon ɗan wasan nan Dogo ne ya haɗa mata zafi. Fim biyu aka saki ranar Juma'a, kuma shi ne a kan fostar kowanne. Ɗaya na barkwanci ne irin wanda ya saba, inda yake faɗawa kwata sanye da kwat ɗin aro. Ɗayan kuwa na yayanta ne.

Yaya ya yi shekara goma sha takwas yana riƙe wa wasu sandar makirufo kafin ya shirya nasa na farko. Labarin shekarar ƙarshe ta mahaifinsu ne, bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ɗauki Dogo saboda tsayi da kunnuwa irin na Baba, shi kuma Dogo ya yarda don ya gaji da faɗawa kwata.

Ƙa'idar sana'ar ba ta da tausayi. Duk safiyar Litinin ana fitar da jerin finafinan da suka fi kawo kuɗi a ƙarshen mako a faɗin ƙasar. Manajojin sinima kuwa, finafinai biyar na sama kawai suke dubawa. Wanda ya faɗo ƙasa da haka, kafin Alhamis an cire fostarsa an manna wata. Sinimar da Auta ke aiki ita ce mafi girma, don haka tagarta tana da nauyi a jerin.

"Ba ni biyu, na Dogo."

"Na dariya ko ɗayan?"

"Na dariya mana."

Haka ta yi ta yi har yammacin Asabar, lokacin da wani hannu ya shigo ramin ba kuɗi a cikinsa. Ta gane shi tun kafin ta ɗaga kai.

"Ɗayan yana da suna, Auta," in ji Yaya.

"Yaya, layi ne. In na tsaya faɗin suna..."

"Mutum nawa ne a ɗaki na huɗu?"

Ta dubi allon kwamfutar. "Tara."

"Har da ni?"

"Ban da kai. Kai ai ba ka biya ba."

Ya yi 'yar dariya ya janye hannunsa. Tausayinsa ya kama ta, ga kuma haushinsa. Wa ya ce mutum ya sa wa fim suna mai kalma bakwai?

Ranar Lahadi ta daina tambaya. Ba ta yi wa kowa ƙarya ba, kuma wannan ne abin da ta riƙa gaya wa kanta. Duk wanda ya ce "na Dogo", sai ta danna ɗaki na huɗu ta miƙa masa. Ai Dogo yana ciki. Farashin ɗaya ne, mai tsaron ƙofa kuma lambar ɗaki kawai yake dubawa. Kallon ƙarfe biyu ya cika, na huɗu da rabi ma haka, har Manaja ya fito daga ofis ya sa aka mayar da fim ɗin babban ɗaki.

Ta zaci za a fito ana zage-zage ana neman a mayar da kuɗi. Da shiru ya yi yawa sai ta bar wa abokiyar aikinta tagar, ta leƙa.

An kai wurin shayi. Ta san wurin, don ita ce ta share ƙasa ranar da abin ya faru da Baba a gaske. Dogo yana zaune bakin gado, yana ƙoƙarin kai kofi bakinsa da hannun da ya ƙi jin magana. Kofin ya hau, ya karkata, ya sauka. Ya sake gwadawa. Yaya bai sa kiɗa ba, sai ƙarar cokali yana bugun kofi.

Wani a gaba ya ce, "To, za a fara!"

Shayin ya zube a cinyar Dogo, ɗakin ya kwashe da dariya. Mutanen nan sun yi shekara goma suna jiran Dogo ya ɓarar da abu, ba su da laifi. Da ya buɗe karkataccen bakinsa ya kira sunan matarsa kalmar ta ƙi fita, wata mata ta yi dariya har da bugun kujerar gabanta. A layin ƙarshe Auta ta hango Yaya zaune, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon ƙeyoyin mutane. Ta ja ƙofar a hankali ta koma taga.

Jerin ya fito da safe. Na barkwancin ya zo na biyu, na Yaya na biyar. Shafin da ya wallafa jerin ya kira na Yaya "sabon salon barkwanci mai sanyi". Manaja ya buga wa Yaya waya ya ce an ƙara masa mako biyu, kuma in za a yi na biyu a ƙara wuraren shayi.

Da la'asar suka haɗu a falon mahaifiyarsu. Yaya yana zaune a ƙasa yana juya wayarsa. Sai da Umma ta shiga ciki ya ce wa Auta, ba tare da ya dube ta ba:

"Jiya ba ki tambaye su ba ko?"

"Ban tambaya ba."

"Na gode," in ji shi. Ta kasa gane da wace murya ya faɗa.

Umma ta fito riƙe da mayafi biyu, tana ɗaga su wajen haske. Tun da aka fara aikin fim ɗin ta ce ita ba za ta iya kallo ba.

"Maƙwabta sun ce an yaba, wai ba masaka tsinke. Tunda mutane sun karɓe shi, ni ma zan je in ga babanku. Auta, ki ajiye mini kujera ranar Asabar, lokacin da aka fi cika. Wanne zan yafa, wannan ko wancan?"

Auta ta dubi Yaya. Yaya ya dubi mayafan ya daɗe.

"Shuɗin, Umma," in ji shi.