Tabo a Farar Riga

…kuma ga shi nan daram, daidai saman aljihu, bai je ko'ina ba. Wai ta wanke. Wannan ne wanki? An tsoma riga a ruwa, an gaishe ta, an fito da ita. Koma ki sake. Ta karɓa ta koma bakin famfo — ba ƙunƙuni, ba murguɗa baki. Da ma ta murguɗa ɗin, da na san inda zan kama.

Yau hutu ya ƙare. Ubanta, ɗana, zai zo da mota kafin la'asar ya mayar da ita makarantar kwana. Akwati na nan a buɗe tsakar ɗaki, ko takalmi ba ta jefa ciki ba, don tun shekaranjiya maganar takwarar tawa ɗaya ce: ba za ta koma ba. A bar ta wurina, a sa ta a ta jeka-ka-dawo da ke bayan kasuwa. Wurina… wa ya ce mata ina neman mai taya ni kwana? Ajin ƙarshe fa za ta shiga. Wace makaranta ce za ta karɓi mutum a ajin ƙarshe, in ba wadda yara ke yini suna tsalle ta taga ba?

Akwai wani abu a ƙasa. Ni ba yarinya ba ce. Ɗan mai gyaran babur ɗin nan, mai aski kamar ɓera ya ci rabi ya bar rabi — shi ne? Gaisuwarsa ta yi yawa kwanan nan. Har ƙasa yake durƙusawa. Da can wucewa yake kamar bai san da mutum ba.

Gwiwar nan… bari in miƙe ƙafa.

Duk hutun nan bakina bai huta ba. Ta wanke kwano, in ɗaga, duhu-duhu a tsakiya. Ta share daɓe, in duba, ga wuri an tsallake. Zanin gado haka. Yarinyar da bara ko ni sai da na yaba mata a zuci — a zuci, ban faɗa ba, yabo yana ɓata yaro. Me ya same ta a shekara guda? Ta yi tsawo, shi ke nan, duk hankalin ya zube ƙafa. Ga rawar kai. Baƙo ya yi sallama, kafin in ɗaga kai ta riga ni: "Kaka, matar tela ce." Na tambaye ki? Zan sauka dakali ta miƙo hannu kamar ta ga mai jinya. Na buge hannun. Dakalin da ake zuba simintinsa ina tsaye.

Ji yadda take cuɗawa. A sauti ma na san ba ta kama wurin ba. Ba haka ake yi ba, ana naɗe yadin a ɗan yatsa, a bi tabon daga gefe zuwa ciki, lemon tsami da gishiri, a ba rana ta yi nata — ɗakin wanki na asibitin da na yi aiki, tururi har ba ka ganin na kusa da kai, fararen riguna tsibi guda, babbar nas ta shigo da takalminta ƙwas-ƙwas, ta zaro ɗaya daga tsakiya, ba ta sama ba, daga tsakiya, ta kai taga ta ɗaga kwalar. Shiru. Ta ajiye. Shirun nan shi ne takardar shaidata. Ta sauran mata ana dawo musu da ita, tawa ba a taɓa ba. Ni da bokon da na yi bai kai a faɗa ba, sunana ma sai an ba ni lokaci… da wankin nan na kai ubanta inda ya kai. Shi ne yau jikata za ta tsaya a layi gaban malamai da tabo a ƙirji? A ce daga gidan wa ta fito?

Kuma za ta tsaya a layin. Ko tana so ko ba ta so. In ta kama in ɗaure ta da igiyar shanya in sa a bayan mota, zan yi.

Ga ta nan. Tafiyar ma a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Miƙo.

Yatsunta sun taɓa nawa — sanyi ƙalau, duk sun yamushe, bayan gaɓoɓin ya saɓule. To, hannu ne, zai warke. Nawa da ya…

Yana nan. Saman aljihu. Ko gezau.

Tsaya.

Rigar nan a bushe take.

Yanzu fa ta bar bakin famfo. A bushe ƙayau, da ƙarfinta, ga karin ninki a miƙe irin wanda ba hannu ne ya yi shi ba. Ƙamshin kanti. Ga ɗan kwali a cikin kwala, ga allura ta soke ni. Wannan yadin bai taɓa ganin ruwa ba, ko a mafarki aka ba ni zan gane. Sabuwa ce. Cikin kayan da ubanta ya aiko ta zaro ta, daga leda, ta kawo mini. Waccan tana can cikin baho, ina jin ɗigar famfo a kanta.

Sabuwar riga… da tabo iri ɗaya, a wuri ɗaya?

In juya bayanta. Yana nan. Ya huda ne? Hannun riga — ya biyo ni. Ƙasan riga — ya riga ni isa. Ba a saman aljihu yake ba, inda na duba yake. Tafin hannuna. Bango. Sama, sama da babu ko gajimare…

Rufe idon hagu. Ɗan kaɗan, kamar hayaƙi. Rufe na dama.

A'a. Buɗe. Buɗe shi.

Tun yaushe? Kwanukan nan duka… na sa ta ta sake, ta sake, rana na dukan ƙeyarta, ƙawayenta suna leƙowa tana ce musu gobe. Hutu guda, dogo, a bakin famfo ta cinye shi tana wanke abin da ke cikin idona. Ba ta taɓa cewa Kaka babu komai ba. Ta isa? Ni na koya mata ba a musu da babba. Na koya mata da kyau.

Ba ɗan mai gyaran babur ba ne ke nan. Allah sarki, ya ci zagi a banza, da askinsa.

Ubanta ya sani? Bai sani ba. Da ya sani da tuni ya iso da surutunsa, Mama kaza, Mama likita, a rufe gidan nan da kwaɗo, a ɗauke ni a kai bene, a dasa ni a kujera gaban talabijin, matarsa tana yi mini magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya tafi. In nemi tsintsiya a ce ki huta. In huta in yi me? Yarinyar nan ta auna duk wannan ita kaɗai, da wannan ƙaramin kan nata, ta ga in ta faɗa an kwashe ni, in ta tafi an bar ni da wuta da wuƙa da dakali, sai ta ce a cire ta daga makaranta. Ta zauna ta zama idona. Shekara nawa? Har in mutu? Ni irin masu daɗewa ce, uwata sai da ta ga jikokin jikokinta.

Ba za a yi haka ba. Ba a gidana ba.

Amma in ta tafi…

Ta tsuguna a gabana. Ina jin numfashinta. Ga ɗankwali, ga kunnuwa, ga haɓa — tsakiyar ce babu. Idonta nake nema. Tun yaushe rabona da idon yarinyar nan? Ni da nake ce mata dube ni in ina magana. Ashe tana duba.

"Kaka," a hankali, "ya fita?"

In ce ya fita, ta ninke ta sa a akwati. Ta san ƙarya ce, na san ta sani, amma babba ya faɗa, dole ta shiga mota. In ce yana nan — shi ke nan, na faɗa da bakina, ko da sarƙa ba mai fitar da ita daga gidan nan. Ni kuwa tun da nake ban taɓa cewa riga ta fita ba alhali ina ganin datti. Ban san yadda ake fara faɗa ba.

Ƙarar mota a bakin layi. Ta ubanta ce? Ba zan ma iya… a'a, ta wuce. Ta gaba ko tasa ce.

Tana jira. Rigar ta yi mini nauyi a cinya, 'yar riga guda. Bakina a buɗe yake, na ji shi a buɗe, kuma har yanzu ban san wadda za ta fito ba…