Shingen da Ya Yi Tafiya

Shingen da ya raba gonar Dogo da ta gwaggonsa ya girme shi. Kakansu ne ya dasa shi, ƙaya da ƙananan itatuwa a sarƙe. Idan ya yi fure har masu motoci kan tsaya su ɗauki hoto.

Kowa gefensa yake sassabewa, haka aka saba. Dogo duk shekara sai ya aske nasa ƙwal. Gwaggo kuwa tun rasuwar mijinta ta hana a taɓa nata, wai furen ne abokin hirarta.

Ran nan Dogo yana huɗa, garmarsa ta daki dutse. Da ya tona sai ga dutsen iyaka da alamar kaka a jikinsa, taku uku cikin gonarsa. Ya daɗe a tsugune. Ashe shingen tafiya yake yi: yana kashe shi ta nan, yana tohowa ta can. Shekara ashirin ke nan yana cin amfanin ƙasar tsohuwa. Bai saci komai ba, amma hatsin a rumbunsa ya ƙare.

Ya kuma san abin da faɗar gaskiya za ta jawo. Ɗan gwaggo, direban tarakta, wanda gonar ta koma hannunsa bara, ya daɗe yana neman dalilin tumɓuke shingen.

Kwana biyu Dogo ya yi yana juya abin. A na uku ya sami Gwaggo da ɗanta a tsakar gida ya faɗa musu.

Direba ya kwashe da dariya. "Kai, Dogo! Ashe ɓarawo muke gaisarwa kullum! Gobe zan kawo tarakta, a ja waya daidai kan dutsen."

"Ka bar shingen, ɗan'uwa. Sai in yanka maka taku uku ta bakin rafi."

"Taɓon can? Riƙe abinka."

Gwaggo ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Wa ya aike ka tono, ɗan nan? Da ka mayar da ƙasa ka rufe, wa zai sani?"

"Ni, Gwaggo."

"To, sannu da gaskiya. Ka wanke kanka, ni kuma ka gama da ni."

Washegari tarakta ta iso. Direba ya leƙo, ya jefo masa sarƙa.

"Ɗaura min a gindin wancan itacen. Kai ka fi sanin inda saiwar take."

Dogo ya sunkuya ya ɗaura.