Naɗin Baba

Shekara talatin Baba yana naɗa wayar motar da ke juya fanka da hannu, sai ga 'yarsa ta dawo daga makaranta, kowa na ce mata Injiniya. Mai kamfani ya ce za a ƙera fanka mai caji, kuma mota ɗaya tak za a zaɓa, ko ta Baba ko wadda Injiniya ta tsara. In aka ɗauki ta Injiniya, inji ne zai riƙa naɗin, Baba ya tattara ya koma gida. Duk shagon an san da haka, ba dai mai ɗaga maganar.

Aka jera su a kan benci. Ta Baba tubarkalla, waya mai kauri, baƙin mayen ƙarfe, ga nauyi. Tata 'yar mitsitsiya ce, mayen ƙarfenta ƙanana kamar ƙwayar wake, amma in suka kama maka yatsa sai ka tuna da su.

Baba ya yi gwajin da ya saba. Ya kunna tasa, ya matse sandar da yatsu biyu, ta ƙi tsayawa. Ya matse tata, ta tsaya cak.

"Kin gani? Wannan ai wasan yara ne."

"Baba, ba niƙa za ta yi ba, iska za ta kaɗa. Wadda ta fi daɗewa a kan batir ita ake nema."

Ta riga ta auna, ta san sauran zancen. Rabin wutar da ta Baba ke sha zafi take zama. Tausayinsa ya kama ta. Da ya juya neman tabarau, sai ta jona wa motarsa sabon batir, ta bai wa tata wani tsoho da ya kwana biyu a ƙarƙashin benci. Ko ba komai a tashi kunnen doki.

Aka ɗaura musu fukafukai iri ɗaya, aka kunna. Mai kamfani ya ja kujera yana duba agogo.

Baba bai kalli mitar auna wuta ba, shi dama ba ruwansa da ita. Ya ɗora bayan hannunsa a kan tasa, ya ɗora a kan tata, ya daɗe yana jin ɗuminsu. Sannan ya sunkuya ya leƙa gindin tsohon batirin. Ga ɗan gicciyen da shi da kansa ya karta da ƙusa bara, alamar ya kusa mutuwa.

Ya kashe duka biyun. Ya ɗauko wani sabon batir daga kan kantar shagon, ya jona wa tata.

"Baba..."

"Ni na koya miki riƙe filaya. Ban koya miki wannan ba."

Aka sake kunnawa. Tasa ta tsaya bayan awa biyu da kwata. Tata na ta juyi har aka tashi cin abinci. Baba ya goge allon naɗinsa da tsumma, ya sa a jaka, ya ce mata ta rubuta lokacin daidai, har da kwatar.