Bishiyar Bayan Mahauta

Yana cikin saran ƙashi ya ji kukan injin zarto. Mahaucin ya yar da gatari, ya fita da jini a hannu.

Bayan mahauta, inda za a faɗaɗa titi, an riga an ɗaura wa tsohuwar bishiyar igiya. Can ƙololuwarta wasu ungulaye masu farin kai suka yi sheƙa, irin da Malamar ƙungiyar kare tsuntsaye ta ce sun kusa ƙarewa. Tun da ta raba wa 'yan kasuwa aikin sa ido a kan sheƙar, safiya ce rabonsa, har abokan sana'a suka laƙaba masa Baban Ungulu.

Mai zarton kuwa ƙanensa ne.

"Kashe injin nan! Akwai ɗa a sama, ko tashi bai fara ba."

Ƙanen ya kashe, ya share gumi. "Yaya, wallahi na sani. Amma ko na ajiye, wani zai ɗauka. Kai ka san da ƙyar na samu aikin nan."

Mahaucin ya kira Malama a waya. Ta ce tun safe tana ofis, amma mai sa hannun a dakatar da saran ya yi tafiya, sai mako mai zuwa.

Ya nufi mai kwangilar titin, wanda ke zaune a mota. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Baba, ungulu fa ka ce?" Ya ɗaga gilashi.

Aka kawo tsani, bai kai ko rabi ba. Mai facin taya, wanda yamma ce rabonsa, ya gwada hawa, ya zamo.

Sai mahaucin ya jingina da gindin bishiyar, ya ƙi motsi har rana ta take. Ƙanen ya zauna gefe, kai a ƙasa. Daga baya ma'aikata suka zo, suna "Yi haƙuri, Baba," suka janye shi. Wani ya tayar da injin.

Da bishiyar ta kwanta, ƙanen ne ya kutsa cikin rassa. Ya fito ba riga, ya naɗe ɗan tsuntsun a ciki, fiffike ɗaya na reto, amma yana numfashi.

"Yaya, ina za mu kai shi?"

Mahaucin ya ɗaga kai. Uwar ta dawo, tana ta kewaya sararin, ta rasa inda za ta sauka.

"Riƙe shi dai tukuna," ya ce.