Ɗaya ga Janairu

Hajiya Bariatu ta kife takardar a kan tebur da sauri kamar wani na leƙe, alhali su biyu ne kawai a ofishin: ita da Constance, 'yar Kaduna mai ɗaukar ma'aikata a kamfanin Hajiyar na kula da tsofaffi a garin Lanham.

Rahoton bincike ne a kan Malam Inusah, wanda ke neman aikin kai tsofaffi asibiti a mota. Shi ya sa hannu da kansa ya yarda a bincike shi. Abin da ya fito kuwa: sata, a jihar Ohio, shekarar 2016.

"Ki ce masa za mu kira shi," in ji Bariatu. "Shi ke nan."

"Hajiya, doka ba ta san 'za mu kira ka' ba. Kafin ki hana shi aiki saboda wannan takarda, sai kin ba shi kwafinta da bayanin haƙƙinsa, ki jira shi 'yan kwanaki ya kare kansa. In ba haka ba, kotu."

"Mutumin da ke sahu ɗaya da maigidana a masallaci? In dubi furfurarsa in ce masa ɓarawo?"

Bariatu mace ce da ta ɗauki rufin asiri tamkar ibada. Tun a Kumasi, a zauren mahaifinta, ta koyi cewa ba a tsiraita babba. Sau biyu a baya irin wannan rahoto ya zo Constance ba ta nan, ta sallami mutanen da fara'a, ta jefa fayil ɗinsu a durowa, tana ganin ta yi musu alheri. Amma Constance in ta kafe, ko jaki ya sara mata.

Bayan azahar Malam Inusah ya shigo da hula a hannu. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka sake tambayar iyali. Da gaisuwa ta ƙare, Bariatu ta tura masa ambulan tana kallon ƙasa. Kunya kamar ta nutse.

Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa.

"Ohio? Hajiya, ko hanyarta ban sani ba. A 2016 ina Kumasi ina jan tasi. Sai 2019 na shigo ƙasar nan." Ya zaro fasfo daga aljihu ya buɗe mata shafin hatimi.

Constance ta duba takardar. "Baba, ranar haihuwarka ɗaya ga Janairu?"

"Haka aka rubuta mana. Wa ya san ranarsa a ƙauyenmu? Rabin tsarana ranar aka haife su."

Suna ɗaya, rana ɗaya, mutum daban. Constance ta nuna masa inda zai kai ƙorafi a gyara, ta ce aikin zai jira shi.

Bai tashi ba. Ya ninke takardar.

"Wuri bakwai na nemi aiki, Hajiya. Ko'ina sai a yi mini murmushi a ce za a kira ni. Shekara biyu ina zaton bakin uwa ne ke bi na. Ke ce ta farko da ta nuna mini. Allah ya rufa miki asiri."

Bariatu ta kasa cewa amin. Godiyar ta yi mata ɗaci, don ta san ba tata ba ce.

Malam Inusah ya fita. Sannan ta jawo durowa, ta ciro fayil biyun nan, ta kaɗe su.

"Constance, nemo mini lambar wayar waɗannan mutanen."